Basaraken Holan da Ramin Yumɓun Inna

Akwai tambayoyi biyu da suka daɗe suna yawo a gidan nan. Ta farko a gabana kuke yin ta, kuna dariya: wane ne wannan Baturen mai gemu da na rataye hotonsa a falo, kusa da na kakarku? Ta biyun kuwa ba ku taɓa yi mini ba, uwarku kuke yi wa a kicin, kuna tsammanin kunnena ya mutu: me ya sa abokan aikina duk suka zama daraktoci, ni na yi ritaya a ɗakin ajiye taswirori? Har na ji wani cikinku yana gaya wa abokinsa wai faɗa na yi da soja. Ban yi faɗa da kowa ba, jikin ma ina na gan shi? Tambayoyin nan biyu amsarsu ɗaya ce, kuma gara ku ji ta daga bakina tun ina da sauran haƙoran faɗinta.

Kun san aikin safiyo na yi, awon ƙasa da zana taswira. Tun ina sabon ma'aikaci aka tura ni kwas ƙasar Holan, in koyo yadda ake karanta hoton ƙasa da aka ɗauka daga jirgin sama. A gidan wata tsohuwa aka sauke ni, malamar tarihi ce da ta ajiye aiki, kuma duk inda za ta sai a kan keke, ko ruwa ake ko iska. Ni a raina Uwar Keke nake kiranta, da na gaya mata ma'anar sunan ta yi ta dariya har da tari. Wata Asabar ta ce in bar littattafan nan haka, ta aro mini keke wajen maƙwabcinta, muka hau jirgin ƙasa da kekunanmu, sannan muka yi ta tuƙi a kan wata doguwar ganuwa da suka yi don tare ruwa, har muka isa wani ɗan gari a bakin kogi. Ta tsaya a gaban ragowar wani tsohon gini, ɗan bango da ciyawa, ta ce a nan gidan mutumin yake. Na ce wane mutum? Ta jingine kekenta, ta gyara tsayuwa irin ta malaman aji, ni kuwa sanyi yana cin kunnuwana.

Ɗaruruwan shekaru da suka wuce, in ji ta, sarkin da ke mulkin ƙasarsu ya kwashe fadarsa ya koma Sifen, can nesa, ya bar wata 'yar'uwarsa tana riƙe masa ƙasa, shi kuma yana aiko da dokoki a takarda. Cikin dokokin har da na kamawa da ƙona mutane saboda yadda suke bauta wa Allah. Jama'a suna kuka, amma kukan ba ya isa inda kujera ta koma. Mai wannan gidan basarake ne ɗan gado, yana da gari nasa da gonaki da dawaki, kuma mutumin sarki ne, ya yi masa yaƙi, ya ci abincinsa. Da ya ga dama, da ya yi zamansa lafiya. Sai ga shi ya shiga gaban 'yan'uwansa masu sarauta, suka rubuta takardar koke, suka jera a ƙasa, ba a kan doki ba, cikin natsuwa, ba mai zare takobi, suka taka har fadar gimbiyar, shi ya miƙa takardar da hannunsa. Ta karɓa, ta yi alkawarin sassautawa kafin ta ji daga sarki. Amsar sarki kuwa sojoji ce. Aka ƙwace garinsa da duk abin da ya mallaka, ya tsere ƙasar Jamus, bai daɗe ba ya rasu a can. Na tambaye ta ko waliyyi ne a wurinsu. Ta ce ina, mashayi ne, mai surutu, mai son a gan shi a gaba, kuma da yawa daga shawarwarinsa na baya ba su da kan gado. Daga nan ta ɗaga yatsa.

"Amma ka lura da abu ɗaya, Ɗanjuma. Yana cikin gida, yana da abin da zai rasa, kuma shi ya riƙe takardar."

Ban san me ya sa labarin ya shiga jinina haka ba. A hanyar komawa na kusa faɗawa cikin ruwa da keke saboda tunaninsa. Na karanta duk abin da ta ba ni a kansa, ranar da zan dawo gida kuma ta ba ni ɗan katin nan mai hotonsa. Daga nan ba wanda ya tsira. Abokan aiki sun ji labarin, direbobi sun ji, surukaina na Zariya sun ji ranar da na je gaisuwa, uwarku kuwa ta ji shi har ta iya ba da shi fiye da ni. A ofis suka sa mini suna Basaraken Holan, ni kuma ina amsawa da fara'a.

Sai ga shekarar da aka ɗauke kujerar mulki daga Legas aka kawo Abuja. Ku da kuka buɗe ido kuka ga birni ba za ku gane irin zumuɗin da muka yi ba. Tirela bayan tirela suna shigowa da kabad-kabad na fayil, da tafireta, da kujeru an ɗaure su ƙafafu sama. Mutanen Legas suna saukowa daga mota suna waige-waige, suna tambaya ina garin yake. Masu neman ɗaki sun cika Gwagwalada, wasu har Kurudu suka dangana. Kowace safiya sai ka ga sabon bene inda jiya ka bar gonar doya. Na san akwai ƙauyukan danginmu Gbagyi da aka tasa, na ji kukansu, amma gaskiya ita ce a lokacin murna ta fi ƙarfina. Gwamnatin ƙasa gaba ɗaya ta taso ta zo ƙofar gidanmu, ni ɗan maginiyar tukwane daga bayan Kwali ina cikin masu auna mata wurin zama. Ko tafiyata ta canja a shekarar.

Daraktanmu, Alhaji Bala, Bakano ne mai sanyin hali, kuma yana sona. Ya kira ni ya ce za a fitar da sabon titi da zai bi ta gefen ƙauyenmu, tunda ni ɗan gari ne, ni zan zana inda zai bi, don kada a taɓa abin da zai jawo rigima. Na tafi gida da motar ofis, yara suna bin ta da gudu. Aka tara mini dattawa a ƙofar mai gari: liman yana nan, mai wa'azin coci yana nan, tsohon da ke kula da dutsen gargajiya yana nan. Na shimfiɗa hoton jirgi a tabarma na ce kowa ya faɗi abin da ba ya so a taɓa. Suka faɗi gonaki, suka faɗi maƙabartu biyu, da rijiya, da dutsen, har da wata tsamiya da aka ce kakan mai gari ya shuka. Mata suka kawo mana abinci suka koma. Ni kuwa na ga wani ɗan kurmi a bayan tudu, ba gona ba kabari, a hoton ma duhun itatuwa ne kawai da ɗan fari a tsakiya. Na ɗora rula na ja layi ta cikinsa, miƙaƙƙe, na rubuta a gefe cewa daji ne da ba a amfani da shi, na sa hannu. Alhaji Bala ya ɗaga taswirar a taro yana nuna wa mutane. Aka ba da kwangila, aka sa sunana cikin waɗanda za a yi wa ƙarin girma.

Wata Asabar da hantsi ina zaune a gidanmu na Gwagwalada ina shan shayi, sai ga Inna, kakarku, ta yi sallama. Ba ta aiko ba, kuma ba ta saba zuwa haka ba. Kun san matanmu ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗorawa, to a kafaɗarta akwai wani turke mai jan fenti, irin wanda ma'aikatanmu ke kafawa a layin titi. Ba ta amsa gaisuwar uwarku ba sai da ta sauke shi a kan teburin falo, da ƙasarsa da komai, a kan farin ƙyallen da uwarku ke ji da shi.

"Ɗanjuma, wannan naka ne?"

Na ce namu ne, na gwamnati, har da ɗan murmushina, ina jira ta yaba.

"A bakin ramin yumɓu na tumɓuke shi."

Na ajiye kofin shayin. A ƙauyenmu namiji ba ya shiga wurin da mata ke haƙar yumɓu. Ba a yi mana dogon bayani ba, tun muna yara in ka nufi wannan hanyar za a ce maka ta mata ce, ka juyo, har ka girma ƙafarka ba ta ma tunanin bin ta. Na san ana kawo yumɓu daga wani wuri, kamar yadda na san tuwo daga madafa yake fitowa, amma ban taɓa tambayar kaina daga ina ba. Dattawan nan ma ba ɓoye mini suka yi ba, wurin ne ba ya cikin kansu sam. Ga shi da tukwanen ramin nan aka yi mini karatu, tun daga allo da fensir har kwat ɗin da na tafi Holan da ita. Na fara kame-kame, na ce ai yumɓu ko'ina akwai, za a nemo musu wani. Inna ta dube ni kamar ranar ta fara ganina. Ta ce sun gwada na bakin rafi, sun gwada na ƙauyen gaba, duk fashewa suke a wuta, ko su yi ta tsiyayar ruwa. Wannan kaɗai ne ke fitowa daga wuta lafiya, kuma tun kakannin kakanninta shi ake haƙa. In katafila ta bi ta kansa ta danne da tsakuwa da kwalta, sana'ar matan garin ta ƙare.

"Kun zauna ku maza, kun tuna da duwatsu, kun tuna da matattu, har da tsamiya. Wa ya tambayi mata?"

Ba ta ci abinci ba ta koma. Turken ta bar mini a kan tebur.

Ranar Litinin na shiga wurin Alhaji Bala tun bai ajiye jakarsa ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce fayil ya wuce sama, ɗan kwangila ya kawo kayan aiki, saura makonni katafila ta isa wurin. Hanya ɗaya ce ta sa a karkata titin: wani ya rubuta cewa taswirar da aka yi aiki da ita kuskure ce. Ya jawo ta daga durowa ya sa yatsa a ƙasanta, daidai inda na sa hannu da ƙaton rubutu.

"Malam Ɗanjuma, sunanka yana kan lis ɗin ƙarin girma. Lokacin soja ne, ba a son surutu, kuma kowa yana neman wanda zai ɗora wa laifin jinkiri. Ka yi shiru titi ya wuce. Ni ban ji komai ba, kai ma ba ka faɗa ba."

Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, tausayina yake ji, kuma na ji daɗin da ya ba ni mafaka. Wannan ma ku rubuta shi a cikin tarihina: kwana biyu na yi ina lallashin kaina cewa shirun shi ne hankali. Ina da ku ƙanana, ina da gidan haya, ga ƙarin girma ya zo har bakin ƙofa. A rana ta uku na fito karin kumallo sai na tarar da katin nan na Baturen an jingine shi da filas ɗin shayi, yana kallona. Uwarku ta zaro shi daga cikin littafin da nake ɓoye shi. Tana yanka burodi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baban Sadiya, shekara nawa kana cika mana kunne da mutumin nan? Ashe labarin kawai kake so."

Na fusata ƙwarai, na tashi na fita tsakar gida. Kafin in kai bakin famfo fushin ya juye ya zama wani abu daban, zuciyata tana bugawa kamar ranar da aka ce na ci jarrabawa. Sarki ya ƙaura da kujera, ana mulki da takarda, mutanen ƙasa suna kuka, ga kuma ɗan cikin gida mai abin da zai rasa. Ba zan yi muku ƙarya ba, a cikin abin da ya tashe ni akwai son a gan ni a gaba, irin na mutumin nawa. Na dawo da gudu na ce wa uwarku ta ɗauko gyalenta, ƙauye za mu.

Koke ba ya tafiya hannu sake, dole in kai sabuwar taswira da ke nuna iyakar ramin da wata hanyar da titi zai bi. To ta yaya zan auna wurin da ba ni da ikon shiga? Na roƙi Inna a ɗaga mini ƙafa na rana ɗaya, tunda aikin ceto ne. Ta ce in don a ceci wurin sai an karya shi, a bar wa katafila ta yi. Uwarku ce ta ce a ba ta tef ɗin awon. Ita malamar firamare ce, ta san lamba, kuma mace ce, ba mai hana ta. Haka aka yi. Na tsaya a gindin wata ɗorawa, nesa da kurmin, da kamfas da littafi, na koya mata yadda za ta ja tef daga bishiya zuwa bishiya. Ta tuɓe takalmi ta bi Inna da matan garin suka shige. Can sai in ji muryarta daga cikin itatuwa tana kiran lamba, wata mata a bakin kurmi ta karɓa ta jefo wa ta gaba, ta gaban ta jefo mini, wani lokaci lambar ta iso da Hausa, wani lokaci da Gbagyi, wani lokaci dariya ce kawai ke isowa, sai in ce a sake. Tsofaffin da ba su taɓa riƙe fensir ba suna faɗa a kan wa za ta riƙe bakin tef. Na yi awo a wurare da yawa a ƙasar nan da na'urori masu tsada, ban taɓa jin daɗin aiki kamar na ranar ba. Da na haɗa lambobin sai na ga titin zai iya kewaye tudun ta yamma, ya yi kwana, amma sai ya cinye rabin gonar mahaifina marigayi. Na gaya wa Inna ina ɗari-ɗari. Ta ce doya tana fitowa a ko'ina, in ja layina.

Da yamma na tara matan a ƙofar gidanmu na ba su labarin basaraken Holan, na ce yadda ya yi za mu yi: a ƙasa, a jere bibbiyu, ba sanda, ba ihu, ba waƙa, kowa da tufafinta na fita kunya, ni a gaba da takarda. Na ja musu kunne sosai, don in aka ɗauka zanga-zanga ce, sojojin bakin ƙofa ba sa tambaya. Suka yi ta dariyar wannan Bature da bai san hawa doki ya fi sauri ba. Inna ta yarda da komai, sai dai ta ce takarda a ofis ɓata take yi, ta ga yadda tawa ta ɓatar da rami guda. Kowace mace za ta ɗauki tukunya ɗaya. Ita kuma za ta ɗauki biyu, ba ta gaya mini dalili ba.

Motar ɗaukar doya ce ta kawo mu bakin gari da sassafe, muka sauka muka jera. Har yau in na rufe ido ina ganin safiyar nan. Sababbin gine-gine farare, titi mai faɗi da ko ƙura bai gama yi ba, ga matan ƙauyenmu bibbiyu, kowace da baƙar tukunya mai sheƙi a kafaɗa, ba ka jin komai sai takunsu. Ni ina gaba cikin kwat ɗin Holan, taswira a naɗe a hammata, gumi yana bin bayana, amma ji nake kamar in tashi sama. Motoci suna rage gudu, leburori sun ajiye kwanon siminti suna kallo. Da muka isa ƙofar sakatariya mai gadi ya taso yana kaɗa hannu.

"Mama, ba a talla a nan. Oga, ka gaya musu su kai maket."

Kafin in ba shi amsa wata mai buga tafireta 'yar Legas ta riga ta kama tukunyar wata gwaggona tana tambayar nawa. Na nuna katin aikina na ce ba talla ba ce, koke muka kawo. Sojan da ke gefe ya gyara riƙon bindigarsa, ya dubi tukwanen, ya rasa abin da zai yi da su. Na hango Alhaji Bala a tagar bene ya dafe kai. Ana cikin haka motar babban sakataren ma'aikatarmu ta iso, ta kasa shiga don mun cika ƙofar. Ya sauke gilashi, sannan ya buɗe ya fito, dogon mutum mai furfura, wanda ko wata biyu bai yi da tasowa daga Legas ba. Ya tambayi wane ne shugaban wannan tafiya. Na ce ni ne, ranka ya daɗe, ma'aikacinka ne. Na warware takardar na karanta a tsaye a rana. Na karanta har layin da na fi tsoro, inda na rubuta cewa taswirar farko kuskure ce, kuma kuskuren nawa ne ni kaɗai, domin na tambayi rabin gari na bar rabi.

Sai Inna ta matso ta sauke tukwanenta biyu a gaban sakataren, iri ɗaya sak a ido. Hausarta ta kasuwa ce, amma ba ta nemi tafinta ba.

"Ranka ya daɗe, wannan na ramin mu ne. Wannan na wani wuri ne. Ka buga ka ji. Yaron nan ɗana ne, ya yi karatu, amma takarda nashi bai san rami ba."

Mutumin ya tattare babbar rigarsa ya sunkuya, ya ƙwanƙwasa ta farko da bayan yatsa. Ta yi ƙara siririya mai tsawo kamar ƙararrawa. Ya ƙwanƙwasa ta biyu, ta ce ƙwaf, ta yi shiru. Ya sake buga ta farko, ya sake, sai ya yi dariya, ya ce rabon da ya ji wannan ƙarar tun randar kakarsa. Matan suka saki ajiyar zuciya gaba ɗaya. Ni kuwa da ba don kwat ba da na yi tsalle. Ya karɓi sabuwar taswirar ya daɗe yana dubawa, sannan ya dube ni, dariyar ta tafi.

"Wa ya sa hannu a ta farko?"

Na ce ni.

"Ta biyun fa?"

Na ce ni.

"Ka san fayil ba ya mantuwa?"

Na ce na sani, ranka ya daɗe.

Matan suka jere tukwanensu a matakalar ofis suka ce kyauta ce, Inna ta ɗauke marar ƙarar don kada a ce daga garinmu ta fito. Shekaru bayan haka in ka shiga ofisoshin benen nan za ka ga tukunyar ƙauyenmu a lungu da ruwan sanyi a ciki. A motar doya da muke komawa waƙar da na hana su ta ɓarke, har da ni a amshi.

An karkata titin. Ɗan kwangila ya yi ta ƙorafin ɓata lokaci, aka nemi wanda za a ɗora wa, ba a sha wahalar nema ba tunda na rubuta da hannuna. Aka ba ni takardar tuhuma, aka cire sunana daga jerin ƙarin girma, aka mayar da ni ɗakin ajiye taswirori a ƙasan bene, wai na ɗan lokaci. A nan na tsufa. Kada wani ya gaya muku bai yi mini ciwo ba. Ya yi. Yaran da na koya wa riƙe kamfas sun zama ogogina, ina miƙewa in sun shigo, wasu ranaku in dawo gida ba na son magana da kowa, uwarku ta sha fama da ni. Alhaji Bala yakan sauko ya zauna mu sha shayi, bai taɓa ce mini ai na gaya maka ba, Allah ya jiƙansa. In abin ya dame ni sai in dubi mutumin nawa in tuna shi gari guda ya rasa, ya mutu a ƙasar wasu, ni kuwa kujera ce kawai, kuma a gadona nake kwana. Shi ya sa na kai katin aka ƙara masa girma aka sa a gilashi. Da Inna ta zo ta gan shi a bango ta tambayi ko wane ne, na sake ba ta labarin tun daga farko. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, shi ma matan garinsu ya manta da su? Na ce a'a. Ta ce to ya fi ni hankali, amma a bar shi a wurin.

Wannan kwanar da kuke ƙorafi a kanta duk lokacin da za mu gida, wadda direba ke taka birki kuna cewa wane marar kai ne ya zana titi haka, ubanku ne. Daga hannun dama, bayan tudu, kurmin yana nan, jikokin matan da suka ja tef suna haƙa har gobe. Ni dai har yau ban taɓa ganin ramin ba. Uwarku ta gani, na yi shekara da shekaru ina lallaɓarta ta kwatanta mini, sai ta ce rami ne. Ku mazan, haƙurin da na yi shi za ku yi. Ke Sadiya da ke Hauwa, ku kuna da ikon shiga. In mun je gida bana ku tuɓe takalmi ku bi gwaggwanninku, ku je ku ga abin da na saya da kujerata. Ba sai kun gaya mini ba.